Baba Mai Bututu

Ranar Laraba da hantsi ina kan keken ɗinki a rumfata a Tudun Wada, wani mai jakai da ke kai gishiri barikin kuza ya tsaya ya yi sallama. Ya ce, "Tela, sai haƙuri. Surukinka ya cika jiya bayan la'asar, an riga an kai shi." Na ajiye rigar da ke hannuna ban gama wuyanta ba, na je gida na gaya wa matata. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tambaye ni ko akwai mota, na ce sai Juma'a. Ta ce to, ta shiga ɗaki tana ɗaure kaya.

Motar ta sauke mu a Doguwa, sauran tafiyar muka yi ta a ƙasa, ita da goyo, ni da babban yaronmu a wuya. Muka isa ƙauyen da ke gindin duwatsun Riruwai gab da magariba, muka tarar an yi sadakar uku tun da safe.

Zaman makokin ya fi yadda na zata. Ban taɓa ɗaukarsa mai jama'a ba, don ba ya zuwa biki sai dole, in ya je kuma ba ya daɗewa. Amma ga tabarmi har gindin tsamiya. Akwai Fulani daga rugagen bayan dutse, akwai leburorin kuza da jar laka a ƙafafunsu, akwai tsofaffin mata da suka tako daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, suna wucewa cikin gida suna dogara sanda.

Kowa da abin da ya zo yi wa ta'aziyya. Liman ya ce bai taɓa rasa shi a sahun asuba ba, ko a ranakun da ruwan buta ke yanka hannu. Wani dattijo kusa da ni ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma fa akwai gardama. Shekara uku muna faɗa a kan ramin da ya huda mini a bango." Aka tambaye shi ko ya toshe ramin. Ya ce a'a, yana nan. Wata tsohuwa ta tsaya a bakin zaure ta ɗaga murya don mu maza mu ji, ta ce ita dai gwiwoyinta ne suka yi rashi, ta shige. Mai unguwa ya ce yanzu sai a je Kano neman mai irin wannan aiki, in ma akwai. Wani kuma ya tambaya a hankali wa zai gaji kayan aikin, aka harare shi.

A gefe guda akwai wani lebura dogo mai tsage a kumatu, ba Bahaushe ba, wanda aka ce tun ranar rasuwar yake zaune a wuri ɗaya ba ya magana da kowa.

Da girmana na koyi boko, a ajin yaƙi da jahilci, kuma ban taɓa rubuta abin da ya wuce awon riga da wasiƙa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mutumin nan bai bar ɗa namiji ba, 'ya ɗaya ya bari, ita ce matata. Aikinsa kuma na ƙasa ne, damina biyar ko shida ta ishe shi komawa inda aka ɗebo shi. Ba zan kama sunansa ba, suruki ne. Mutanen ƙasar Mai Bututu suke ce masa. Ni Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam, ko da yake ni ba malamin komai ba ne.

Asalinsa mutumin Bebeji ne, ɗan gidan magina. Matarsa ta rasu tana jego, sai ya bar garin da jaririyar da yayarsa, wadda muke ce wa Goggo, wadda a lokacin aurenta ya mutu. Suka yi kudu har barikin kuza, inda ake neman masu gini. Goggo ce ta raini yarinyar. Bai sake aure ba, kuma in aka yi masa zancen sai ya tashi ya ce yana da aiki.

A barikin ne ya fara ganin murhun da ake ginawa cikin bangon ɗaki. Wani Baturen kuza ya sa aka yi masa a gidansa na kan tudu, amma duk lokacin da aka hura wuta sai hayaƙin ya dawo ya cika ɗakin. Birkilan da ya gina ya gaji ya tafi. Baba ya roƙi a bar shi ya gwada. Sau huɗu yana rushewa yana sakewa, har ya gane cewa dole maƙogwaron murhun ya fi bakinsa ƙunci, kuma dole bututun ya ɗara tsayin rufin. Ranar da hayaƙi ya miƙe sama, Baturen ya aika a kira shi don ya yi masa kyauta, aka same shi zaune kan dutse a bayan gidan yana kallon bututun. Daga nan ya zama ɗan kwangila. Shi ya yi murhun gidan baƙi na En'e, wato hukumar gargajiya, da na ɗakin shan magani, da na gidajen manyan ma'aikatan bariki. Amma wannan ba shi ne aikin da ya dame shi ba.

Sanyin gindin dutse daban yake da namu na Tudun Wada ko na garinmu Kiru. In watan ɗari ya kama, iska ce ke gangarowa daga kan duwatsu ta bi kwari, ta shiga ta kowace tsaga. Mutane sai su liƙe ɗakuna da laka da tsumma, su saki asabari, su shigar da kaskon garwashi. Kowace shekara sai an ji wani ya kwanta bai tashi ba, yawanci tsoho ko mai jego. Wasu su ce sanyi ne, wasu su ce mutanen dutse ne suka taɓa shi.

Gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa ba sabon abu ba ne, kakanninmu sun kwanta a kai. Abin da Baba ya yi shi ne ya yi wa wutar hanya. Daga bakin da ake sa itace sai ya ja rami a ƙarƙashin gadon, ya lanƙwasa shi sau biyu don zafin ya daɗe kafin ya fita, sannan ya fitar da shi ta bango cikin bututun yumɓu wanda mata masu ginin tukwane ke gasa masa a kan awon damtsensa. Bayan haka sai ya huda wata 'yar taga can sama, faɗin tafin hannu, a ɓangaren da iska ba ta bugawa. A kan wannan 'yar tagar ya yi duk faɗace-faɗacen rayuwarsa. Mutane na son gadon, ba sa son tagar. Ta nan sanyi zai shigo, in ji su, da maciji, da abin da ba a faɗa. Shi kuma ba ya gina ɗaya ba tare da ɗayan ba. Na taɓa ganin ya kwashe kayansa ya bar gidan wani mai arziki da gado rabi, don mai gidan ya ce a bar tagar sai bazara.

Yana da halaye da duk wanda ya san shi zai iya kwaikwaya. In ya shiga ɗaki, rufi yake fara kallo kafin mai ɗakin. Yakan lashi yatsa ya ɗaga sama a tsakar gidan mutane. Kafin ya fara aiki sai ya ƙona ɗanyen kara a tsakiyar ɗakin, ya tsuguna yana kallon inda hayaƙin ke son zuwa, ya ce, "Ba a tilasta masa. Ka ga inda ya nufa, ka buɗe masa nan." Washegarin gama aiki kuma, komai nisan ƙauyen, sai ya koma da sassafe ya tsaya a bayan ɗakin ya ɗora hannu a kan bututun. In ya ji ɗumi sai ya juya ya tafi, wani lokaci ba tare da masu gidan sun san ya zo ba. Idanunsa kullum ja ne. Rigarsa ta salla ma, wadda ni na ɗinka masa, warin hayaƙi take yi. Shi kansa kuwa ba ya kwana a kan irin gadon nan. Buzu yake shimfiɗawa a ƙasa, ƙofa a buɗe.

Na san 'yarsa ne lokacin da nake ɗaukar kekena zuwa bariki a ƙarshen wata ina yi wa leburori ɗinki. Bayan aure sau ɗaya ya taɓa zuwa gidana. Na durƙusa ina gaishe shi, yana amsawa yana kallon kunkunniyar da ta yi baƙi a jikin azara.

"Malam, a nan take girki in ana ruwa?"

"A nan ne, Baba."

"Kana da tsani?"

Ba ni da shi, na aro. Bai ci abincin da aka kawo masa ba sai da ya huda mini bango. Da yamma ya hau mota ya koma. Iyakar ziyarar ke nan.

Leburan nan mai tsage sai a rana ta biyar ya yi magana, kuma ni ya zaɓa, watakila don ya ga ni ma baƙo ne. Hausarsa a karye take amma ana ganewa. Ya ce shekarun baya yana aiki ƙarƙashin wani ɗan kwangilar haƙa da ke da rami mai zurfi, kusan gaba goma. An ɗauki Baba ya yi wa ramin hanyar iska. Ya haƙa wani siriri a gefe, ya haɗa su ta ƙasa, ya gina bututu a bakin siririn inda ake hura wuta, wutar ta riƙa jawo gurɓatacciyar iskar ƙasa, sabuwa na shiga ta babban ramin. Sai aka yi kwana uku ana ruwa, ba aiki, wutar ta mutu.

Da gari ya washe heduman, shugaban leburorin, ya ce a sauka. Baba ya ce a dakata. Ya ɗaura fitilar ƙwai a igiya ya zura. Kafin ta kai ƙasa ta mutu. Ya jawo, ya kunna, ya sake zurawa, ta sake mutuwa. Heduman ya ce kananzir ne babu. Baba ya girgiza masa fitilar kusa da kunnensa don ya ji motsin kananzir, sannan ya zauna a bakin ramin ya miƙe ƙafafunsa a kan tsanin.

"Tashi, tsoho. Kai aka ɗauka aikin gini ko aikin hana aiki?"

"A ba ni zuwa azahar in hura wuta."

"Wa zai biya rabin yinin mutum ashirin?"

"Ban sani ba. In kana ganin lafiya ne, kai ka fara sauka, ni zan riƙe maka igiya."

Leburori suka yi dariya, heduman ya kai hannu ya kaɓe masa hula ta faɗa cikin ramin. Baba bai tashi ba. Da kansa a buɗe ya zauna har aka kawo itace, ya hura wutar, ya jira. Bayan azahar fitila ta sauka har ƙasa tana ci, ya janye ƙafafunsa. Ba wanda ya mutu, saboda haka ba wanda ya gode masa. A ranar aka sallame shi, kuma ɗan kwangilar bai sake ba shi aiki ba.

Leburan ya ce, "Ni ne na farko a layi. Igiya tana ƙuguna." Ya ce shi ya ɗauko hular daga ƙasan ramin ya kai masa gida, Baba ya karɓa ya kakkaɓe ya sa, ya tambaye shi ko ɗakinsa yana da taga. Da ya gama ba ni labarin sai ya tashi ya yi wa jama'a sallama ya tafi. Ban sake ganinsa ba.

Abin da ya faru a gidan a kan idona kuwa, lokacin haihuwar babban yaronmu ne. Matata ta je goyon ciki gida, haihuwar ta faɗo tsakiyar ɗari. Tun tana wata bakwai Baba ya rushe gadon ɗakin Goggo ya sake gina shi, ya sa sabon bututu. Na zo ana saura kwana biyu suna, na sauka a zaure, don ba zan shiga ciki ba.

Da safe na ji an yi wankan jego, na ji ƙamshin kunun kanwa. Wajen hantsi muna zaune a rana ni da Baba a jikin katanga, ba mai cewa komai, kamar yadda muka saba. Sai ya tashi ya zaga bayan ɗakin. Daga inda nake ina hango shi. Ya ɗora hannu a kan bututun, ya ɗauke, ya sake ɗorawa. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai ran nan. Na ji ƙarar ƙyaure ya faɗi, na ji muryarsa yana kirana, ba da Malam ba, da sunana na yanka, wanda ban ma san ya riƙe ba.

Na shiga na tarar ya fito da matata a kafaɗa. Uba ba ya shiga ɗakin 'yarsa tana jego, balle 'yar fari, wadda ko sunanta ba ya kamawa. Ya kwantar da ita a tsakar gida, kanta na lilo, leɓunanta sun yi wani irin ja. Ya miƙo mini faifai ya ce, "Fifita, kada ka tsaya." Shi kuma yana ɗaga hannuwanta yana saukewa, yana murza mata tafin ƙafa. Na tambaye shi ina jaririn, ya ce ba ya ciki. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Inuwar rumbu dai ta matsa daga ƙafarta zuwa gwiwa kafin ta yi tari, ta juya ta yi amai. Ta buɗe ido ta ga ubanta a kanta, ta jawo zane ta rufe fuska.

A lokacin Goggo ta shigo daga maƙwabta da jaririn a hannu. Ta tsaya. Baba ya tashi ya zaga baya, ya hau tsani ya zura hannu cikin bututun ya zaro tsumma, ya sauko ya hau turmi ya zaro wani daga 'yar tagar. Ya shiga ɗakin ya fito da kaskon gawayi da aka ƙara a gefen gadon. Ya jera su a gabanta. Tsumman yagin tsohon zanenta ne, kowa a gidan ya san shi.

"Yaya, wannan naki ne?"

"Nawa ne. Yarinya na rawar sanyi tun asuba, kai kana can kana shan rana. Ka huda mata ɗaki ta ko'ina kamar kwando."

"Saura kaɗan ki kashe ta."

"Ni? Ni da na goye ta? Sanyi ne ya shige ta, irin wanda ya shigi uwarta. Na ga uwar, ba zan tsaya in ga 'yar ba."

"Ba sanyi ne ya kashe uwarta ba."

"To mene ne?"

Baba ya ɗauki kaskon ya fita da shi waje ya kife. Aka yi suna, aka yanka rago, matata ta yi kwana uku da ciwon kai ta warke. Shi kuma har ta gama arba'in, a ƙofar ɗakin yake yini in ba ya wurin aiki, ya ƙi karɓar kwangilar da ta wuce tafiyar rabin yini.

Goggo ce ta ba ni sauran labarin, ran da zan koma, ta rako ni har bakin rafi don ta wanke kanta a wurina. Ta ce a Bebeji, da matarsa ta kusa haihuwa, ya gina mata ɗaki da hannunsa. Yana saurayin magini lokacin, yana ji da kansa. Ya yi yaɓe ciki da waje, ya shafe da makuba, ya sassaƙa ƙyauren da ko zare ba ya wucewa ta gefensa. Har abokansa yake kawowa su gani, yana cewa ko iska ba ta da hanya. Kwana tara da haihuwa, bayan wankan safe, aka sa mata garwashi aka ja ƙyauren. Goggo ta ɗauki jaririyar ta fita da ita don uwar ta samu barci. Da azahar aka buɗe.

"Sanyin jego ne," in ji Goggo. "Ungozoma ta faɗa, kowa ya faɗa. Shi kaɗai ya sa wa ransa cewa ɗakin ne. Kwana bakwai bayan nan ya ɗauki gatari ya rushe shi. Tun daga nan yake bin gidajen mutane yana huda musu bango." Sannan ta ce, "In har ɗakin ne, to ni na ja ƙyauren. Ka gane?"

Na ce na gane. Ban gaya wa matata ba sai bayan shekara biyu, kuma ashe ta sani.

Daga ranar tsumman nan Baba da Goggo suka daina magana kai tsaye. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, ita ke dafa masa, shi ke faso mata itace. In tana son ce masa abu sai ta faɗa wa kaza ko bango: "A gaya wa mai gidan nan gishiri ya ƙare." Shi kuma ya ajiye gishirin a bakin madafa ya wuce. Liman ya shiga tsakani, suka gaisa a gabansa, suka ce ba komai, suka ci gaba yadda suke. Shekara huɗu aka yi haka.

Cikin shekarun nan ne tari ya kama shi. Ya daina hawa tsani, amma bai daina aiki ba. Na ƙarshe da ya yi a wata ruga ne, wurin wata tsohuwar Bafillatana da 'ya'yanta suka tafi mashekari da shanu suka bar ta don ba ta iya tafiya. Bukkar kara ce, ba bangon da za a huda, ba kuma wanda ya kira shi. Ya yi kwana shida yana hawa da sauka da jaki, ya gina mata ɗan ɗaki na ƙasa da gado a ciki. Ta ba shi ƙwaryar man shanu, ya kawo wa Goggo, ya ajiye a bakin madafa.

Ganina da shi na ƙarshe wata guda ne kafin rasuwar. Na same shi ba a kan buzunsa ba. Yana ɗakin Goggo, kwance a kan gadon, wuta na ci a ƙarƙashi. Maƙwabta suka ce ita ta sa aka ɗauko shi, ya ce ba ya so, ta ce da masu ɗaukar kada su saurare shi. Na gaishe shi, ya amsa, muka yi shirun da muka saba. Can ya ce, "Malam, ashe abin nan da daɗi." Ya shafa gefen gadon. "Lanƙwasa ta biyu ta yi kusa da bango. Ƙafa ba ta samun zafi. Da na sani da na matso da ita." Goggo na bakin ƙofa tana tsince wake, ta ce wa waken, "Shekara talatin yana yi wa mutane, sai yau ya san inda ya yi kuskure." Na ga kafaɗunsa na motsi. Na ɗauka tari ne, ashe dariya yake.

An ce da ya zo cikawa ita ce a kansa, ita ta riƙa tuna masa kalmar shahada. Ko sun yi wata magana ban da wannan, ba wanda ya ji, ita kuma ba ta faɗa ba.

Muka yi sadakar bakwai. Kayan aikinsa ba su da yawa: cokalin gini biyu, igiya, gatari, fitilar ƙwai, da bututu huɗu da aka gasa ba a kai ga sa su ba. Mai unguwa ya ce a bar su a zaure har a ga wanda zai nema. Matata za ta zauna sai arba'in, ni kuwa ɗinkin mutane na jirana.

Da safen da zan tafi na shiga yi wa Goggo sallama, na sa farar rigata, takalmi a hannu. Na same ta a tsakar gida tana goge ido da gefen mayafi, ɗakinta na fitar da hayaƙi ta ƙofa. Duk kwanakin makokin ban ga hawayenta ba, kuma wannan ma ba na kuka ba ne.

Ta ce, "Tela, kana iya hawa tsani?"

Na ce ina iyawa.

"To hau ka duba mini abin nan nasa. Tun shekaranjiya ba ya ja."

Na tuɓe rigar na rataye a kan rumbu, na hau. Zanzaro ne ya yi gini a bakin bututun, ya kusa rufe shi. Na sa kara na farfasa, baƙin gari ya zubo mini har gwiwar hannu. Ina nan a sama na ji ɗumi ya taso ya bugi fuskata, hayaƙin ya biyo baya.

"Ya buɗe, Goggo."

"'Yar tagar fa?"

"Ita lafiyarta ƙalau."

Ta ɗaga kai tana kallona, hannu a goshi saboda rana. Ta ce, "Ni dai har gobe sanyi na ce." Ta sunkuya ta ɗauki tsintsiya. "Amma in ka zo arba'in ka sake dubawa."

Na ce to. Na sauko na wanke hannu, na sa rigata, na kama hanyar Doguwa.

Allah ya yafe masa abin da ya sani da wanda ya ɗora wa kansa, ya yalwata masa makwanci, ya sa iskar rahama ta riƙa isa gare shi. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.